Ƙanƙarar Inna

Surukata, uwar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna, ba mai yawan roƙo ba ce. Shekara da shekaru muka yi a unguwar Kurayyat ta Jidda, ƙofar ɗakina na kallon tata, ban taɓa jin ta ce a sayo mata zane ko turare ba. Abu ɗaya ta nema, shi ma a cikin mita ta faɗe shi: tana so ta taɓa ƙanƙara kafin ta mutu.

Ranar da ta fara faɗa, autata, wadda lokacin take aji uku, ta ruga ta buɗe firji ta ciko mata kofi. Inna ta leƙa kofin, ta ture shi da bayan hannu.

"Wannan ta kamfani ce," in ji ta. "Ta Allah nake nufi, mai faɗowa daga sama."

Daga baya ta gaya mini dalili, muna tsinar shinkafa. Akwai addu'ar da take yi a farkon kowace salla, wadda a ciki ake roƙon Ubangiji Ya wanke mutum da ruwa da ƙanƙara. Ta ce sau biyar a yini take ambaton abin, amma rabonta da shi tun tana yarinya a gida, ranar da aka yi ruwan farko da ƙanƙara, ita da uwarta suka fita da ƙwarya suna tsinta. Bayan nan aka yi mata aure, suka taso aikin Hajji a ƙasa ita da mijinta, ta Chadi da Sudan, da maigidana goye a bayanta. Tun da jirgin ruwa ya sauke su Jidda ba ta ƙara ganinta ba.

"Har na fara mance yadda take a hannu," ta ce. "Mutum yana roƙon abu bai san kamanninsa ba?"

Na riƙe maganar, ban kai ta ko'ina ba sai da sanyi ya shigo. Sanyin Jidda kuwa suna ne kawai, iyakarsa a kashe fanka. Amma kowa ya san can kan duwatsun Ɗa'ifa ana yin na gaske. Maigidana, Malam nake ce masa, direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, yana kuma da tsohuwar mota tasa ta gida. A wancan zamanin baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ba ya tashi daga gari zuwa gari haka kawai, sai da takarda daga kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Malam ya yi ta zarya har ya samo ta mako guda, cikin hutun makaranta na tsakiyar shekara. Shugabansu a wurin aiki kuma ya ce yini ɗaya zai ɗaga masa, ya zaɓi ranar da kansa. Tafiya ɗaya ke nan muke da ita. Ƙafafun Inna kuwa sun riga sun fara kumbura, babu wanda ya furta, amma duk mun san ba lalle a sake samun wata ba.

Nan gardama ta tashi a kan inda za a je. Wurare biyu ne mutanen Jidda ke hawa shan sanyi: Hada da Shafa. Hada tana nan bakin dutse, da an gama hawa an iso. Shafa sai an wuce Hada, an ratsa cikin Ɗa'ifa, an sake wani hawan.

Babbar 'yata ma ba ta son ko ɗaya. Tabuka take so, don ta gani a talabijin dusar ƙanƙara ta rufe raƙuma har wuya.

"Tabuka!" in ji Malam. "Takardar ke kika rubuta? Yini biyu muna tafiya, a wannan motar?"

"Abuya, ya'ani ba mu da hazzi ko kaɗan," ta ce, wato sa'a, ta kumbura fuska. 'Ya'yana a nan aka haife su, Hausarsu rabi Larabci ce.

Auta Hada take so saboda birai, ƙawarta ta ce mata har kan mota suke hawa. Autar kuma tana da wani shiri nata wanda ni na jawo. A gidan Larabawan da nake aikin shara da wanki da safe akwai hoto a falo: maigidan da 'ya'yansa kan wani dutse fari fat a Lubnan, kowa ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, da sanduna a hannu, suna sulalowa. Kullum sai na goge hoton. Na ba yarana labari sau ɗaya, shi ke nan auta ta ƙwallafa rai. Tun da ba mu da katakai, ta ce babban tirenmu na shinkafa zai yi.

Malam ya yanke. "Hada za mu. Na san hanyar, mu je mu dawo kafin magariba. Shafa da nisa, ga tsohuwa a mota."

"Wace ce tsohuwar?" in ji Inna daga ɗakinta. Kunnenta bai taɓa tsufa ba. "Ni da na kawo ka nan a ƙasa?"

Ban sa baki ba. Ba halina ba ne magana ana cikin hayaniya, kuma lokacin ban san komai ba tukuna. Sai na shiga nema.

Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na mata bayan la'asar, shekarata ta biyu. Malamarmu ta ce kowace ta riƙa rubuta wani abu kullum, ko mene ne, don hannu ya saba. Wasu sunayen 'ya'yansu suke ta maimaitawa. Ni sai na ɗauki bayanin yanayi da ake yi bayan labarai: in rubuta Jidda da lambarta, in rubuta Ɗa'ifa da tata. Ina gani a littafina lambar Ɗa'ifa na sauka kamar mai sauka daga tsani. Sai dai talabijin ba ya raba Hada da Shafa, duka Ɗa'ifa yake ce musu.

Mai kayan miya ne ya raba mini. Wani dattijo ne mutumin dutse, yana kawo latas da kabeji unguwarmu a bayan ƙaramar motarsa da sassafe. Kwana huɗu na farkon makon takardar ina zuwa ina duba kayansa, lafiya lau. Malam har ya fara cewa kwanaki na ƙarewa, mu tafi kawai. Na ce ya ƙara mini haƙuri. Ran Laraba na ɗaga latas, na ga ganyen duk ya yayyage, da ƙananan huji da tabo kamar an watsa masa tsakuwa. Ni 'yar manoma ce, na san abin da ke yi wa ganye haka, na gani a gonar babana a ƙasar Katsina.

Na tambaye shi da guntun Larabcina. Ya ɗaga hannu sama yana faɗa: jiya da la'asar ƙanƙara ta sauko musu, ta kashe masa rabin gona.

"Ina gonar take, ya ammi? Hada?"

"Hada ruwa kawai suka samu. Shafa! Je ki gani, tana nan bayan katangu inda rana ba ta kaiwa. Sai ta yi kwana biyu ba ta narke ba."

Na sayi latas ɗin da kowa ya ƙi. Na ciri ganye ɗaya na sa a tsakiyar littafina. Da Malam ya dawo na ce masa gobe ce ranar. Ban ce Shafa ba. Hanyar ɗaya ce har Hada, na ga babu amfanin a yi faɗan tun daga gida.

Bayan asuba muka tashi. Shirinmu na sanyi abin dariya ne in na tuna yanzu. Ba wanda ke da rigar sanyi ta kirki a gidan. 'Yan matan suka sa riguna uku-uku, suka zura safa a hannu, ƙafa kuwa silifa. Inna muka naɗe ta da barguna biyu na alhazai, sai idanu da hanci. Na sa tukunyar shinkafa da kaza da zafinta a bayan mota, da tarmus biyu na shayi, da tiren auta.

Muka wuce Makka, muka wuce ta gefen Arfa. A shingen 'yan sanda suka karɓi takardar kafili, suka ƙirga mu, ɗaya ya leƙa ya ga tulin barguna ya ce, "Wannan fa?" Tulin ya ce masa, "Uwarka ce." Da Hausa ta faɗa, kuma da nufin girma, amma Malam bai tsaya fassara ba, ya ja mota.

Hawan Hada hanya ce mai naɗewa kamar igiya a jikin dutse, dama bango, hagu rami. Ba mu kai rabi ba muka shiga gajimare. Ban taɓa sanin ana shiga cikinsa da mota ba. Waje ya yi fari, sannan gilashin gaba ya fara rufewa ta ciki: numfashin mutum biyar, ga tururin tukunyata. Malam ya goge da hannu, ya sake rufewa. Ya ciro ƙyallen kansa ya goge, kafin ya mayar da hannu kan sitiyari ya rufe. Ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, gilashi ya fara washewa, sai muka ji haƙoran Inna, 'yan ragowar, suna kaɗawa. Ya kashe. Ya sauke taga, iska ta shigo kamar wuƙa, Inna ta fara tari. Ya rufe.

"Abuya, akwai mai zafi," in ji babbar. "Tura wancan wajen ja."

Shekara tara motar na hannunsa, bai taɓa tura abin nan wajen ja ba. Ya tura. Iska ta fito da sanyinta da ƙura. Sai ya dafe goshi.

"Na tuna. Shekarun baya ya fara yoyo, makanike ya ce wa zai nemi zafi a Jidda, ya yanke bututun ya toshe. Ni ma na ce masa ya kyauta."

Ya lallaba ya tsaya a wani fili da aka bari gefen hanya. Manyan motoci na wucewa da fitilu a kunne, ba ka ganinsu sai sun zo dab. Birai suka fito daga cikin farin nan suka zauna kan bangon hanya suna kallonmu, ɗaya ya hau kan motar, auta ta manta da tsoro tana ta ihu. Malam bai ko dube su ba. Ya ce shi ba zai tuƙa iyalinsa a makance kan bakin rami ba, da gajimaren ya ɗan ɗaga za mu juya.

Gaskiyarsa ce. Na zauna ina kallon gilashin nan da ya yi fari, sai na ga ai na san shi. Madubin banɗakin uwar ɗakina ne bayan ta yi wanka da ruwan zafi. Ta tsani ta fito ta tarar ya rufe, ta sha yi mini faɗa a kai, har wata tsohuwar 'yar aiki 'yar Habasha ta nuna mini yadda ake yi.

Na buɗe jakata na ciro sabulun da na taho da shi don wanke hannu bayan cin abinci, sabo, busasshe.

"Malam, ɗan matsa."

"Wanki za ki yi mana a nan?"

"Ɗan matsa dai."

Na share gilashin da gefen mayafina har ya bushe. Na goga masa busasshen sabulun layi-layi, sama da ƙasa, sannan na bi da ƙyalle ina murzawa a hankali har sabulun ya ɓace, gilashi ya fito tas. Na yi wa tagogin gefe. Na ce kowa ya yi numfashi yadda ya ga dama. Auta ta matso ta huro masa iska da gangan. Bai rufe ba.

Malam ya jira. Ya kai fuskarsa ya hura da kansa. Ya dube ni ta gefen ido.

"A makarantar taku ake koyar da wannan?"

"A ɗaya makarantar," na ce.

Ya tada mota. A hankali, yana bin jan fitilar wata babbar mota, ya kai mu har sama. Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba, ko kofin shayin da ke hannun Inna bai zube ba.

Hada ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mun fito saman gajimare, ga rana, ga itatuwa jiƙe sharkaf, ga sanyi mai shiga ƙashi. Amma ƙasa baƙa ce, laka da ruwa. Muka zagaya wuri biyu, babu ko ƙwaya. Malam ya shimfiɗa tabarma a gefen mota ya ce, "Halas, mun zo. Ga sanyi, kowa ya sha."

Inna ta leƙo daga bargo ta dubi ƙasa dama da hagu. "To," ta ce. "Allah bai yi ba. Kun yi ƙoƙari, Allah Ya yi muku albarka." Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zuba wa Malam shayi. Na bari ya shanye, na ƙara masa. Mutumin da ya sauko daga irin wannan tuƙi ba a tarar sa da magana a kofin farko. Da ya kai rabin na biyu na buɗe littafina na ajiye masa ganyen latas a gwiwa.

"Mene ne wannan kuma?"

"Dubi hujin. Shekaranjiya da la'asar, a Shafa. Mai gonar ya ce tana kwana biyu."

Ya ɗaga ganyen ya kalli rana ta cikinsa. "Ganye za ki sa in bi, uwar yara? In muka je babu fa? Ga ta nan ta gaji, ga saukowa na jiranmu."

"In babu, ni na ce a je. Ka faɗa wa kowa haka."

"Tun jiya kin san Shafa za mu."

"Na sani."

Ya shanye shayin, ya kife kofin. "Yalla, ku shiga."

Cikin Ɗa'ifa ya ɗan rikice, don manyan motocinsu ba sa bi ta tsakiyar gari. A wata mahaɗa na hango allo, na haɗa baƙaƙen a zuciyata, na ce, "Dama, Malam. Ga shi can an rubuta." Babbar 'yata, wadda ita ce mai karanta mana komai, ta juyo ta ce, "Ummi, kin riga ni!"

Mun isa Shafa bayan azahar. Rana ta buɗe sosai, gefen hanya duk ya bushe, babu fari ko na magani. Malam ya tsaya kusa da wasu gonaki da aka yi hawa-hawa a jikin dutse, kowace da katangar duwatsu. Ya kashe mota.

Na fita ni kaɗai. Na tsaya na duba inda inuwa take kwanciya, kamar yadda nake yi in zan yi shanya, sai dai yau gefen da kaya ba sa bushewa nake nema. Katanga ta farko babu. Ta biyu laka. Silifana ya cika da ruwa, yatsuna suka mutu. Bayan ta uku akwai wani kwari da ruwa ya haƙa, cike da ganyaye da ƙasa-ƙasa. Na sa ƙafa, sai na ji ƙurus. Na durƙusa na yaye ganyen da hannu. Tana nan a ƙasa, fara sol, ƙwaya-ƙwaya kamar gujjiya, ta manne da juna tsawon kwarin.

Ban iya kira da ƙarfi ba, ban taɓa iyawa ba. Mayafina na ɗaga ina kaɗawa.

Inna ba za ta iya taka wurin ba. 'Yan matan suka ce a ɗebo mata, ta ce ita ba ta zo nan don a miƙo mata a kofi ba. Sai Malam ya juya mata baya ya durƙusa. Da furfurarsa da komai ya goyi uwarsa, da bargunanta, yana sauka hawa-hawa yana haki.

"Ji nishi," in ji ta a kafaɗarsa. "Shekara nawa na yi da kai a baya, wa ya ji nawa?"

Ya sauke ta bakin kwarin. Ta fito da hannayenta biyu ta tusa su ciki har wuyan hannu, ta yi saurin zarewa.

"Kai! Har yanzu tana cizo."

Ta sake mayarwa, wannan karon ta bar su. Ta ɗebo ta shafa a fuska, a goshi, a damtse, bakinta na motsi. Mun san abin da take karantawa, muka ja baya muka bar ta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Ruwa na bin kumatunta, babbar ta ce, "Sitti, kuka kike?" Ta ce, "Sanyi ne, ke ma in kin tsufa za ki gani."

Auta kuwa ta kafa tirenta a kan tudun kwarin, ta zauna ciki, ta ce a tura ta. Aka tura. Tiren bai yi taku ɗaya ba ya kafe, ita ta wuce, ta sauka da fuska cikin ganye. Inna ta yi dariya har sai da tari ya kama ta. Lotsawar da tiren ya yi tana nan, har yau da shi muke cin shinkafar Juma'a.

Muka ci abincinmu a nan, ya huce amma ba wanda ya kula. Kafin mu tashi Inna ta sa na juye ragowar shayi, na ɗauraye tarmus ɗaya, na cika mata shi da ƙanƙara, mai tsabtar ta can ƙasa. Da za mu fara saukowa Malam ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba: "Ina sabulun nan naki?" A aljihun motar ya zauna har aka sayar da ita. Na ji daga matan abokan aikinsa cewa ya koya wa direbobin tashar duka, kuma ya gaya wa kowa dabarar wace ce.

Kafin mu iso Jidda rabi ta narke, washegari ta zama ruwa. Inna ta sa aka juye a kwalba, aka ɗaure bakin da leda, ta ajiye kan kabad kusa da jarkar Zamzam ɗinta. Ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ni kaɗai ta gaya wa na mene ne.

Sanyi biyu ta ƙara yi a duniya. Ranar da ta rasu, ni na shiga ɗakin wankan gawa na masallaci tare da mai wankan, wata Balarabiya mai shekaru. Da aka zo ruwan ƙarshe na ciro kwalbar daga jakata na kwance ledar. Matar ta dube ni.

"Zamzam?"

Na ce a'a, ƙanƙarar Shafa ce, ita ta ɗebo da hannunta. Ta matsar da bokitin gabana, ta ce in zuba da kaina.